Tsakanin Kyauta Da Amana: Me Muke Bin Ɗan Majalisar Jiha?



'Yan uwa, zan kawo muku mutum biyu, ku taya ni hukunci a kansu. Dukkansu 'yan majalisar dokokin jiha ne.

Na farko ƙofar gidansa ba ta rabuwa da jama'a. Mai takardar asibiti yana nan, mai neman kuɗin jarabawar NECO yana nan, mai aurar da 'ya yana nan. Da azumi ya raba shinkafa da sukari, da babbar sallah ya raba raguna, ya haƙa rijiyar burtsatse an rubuta sunansa a jikin tanki. Amma ranar da aka kawo kasafin kuɗin jiha majalisa bai buɗe shafi ɗaya ba. Da aka ce masu amincewa su amsa, ya amsa tare da jama'a, aka tashi.

Na biyu ba a san shi da yawan rabo ba. Yana bayarwa daidai ƙarfinsa, wani lokacin ma ya ce maka yau babu. Amma shi ne yake kwana a kan takardun kasafi, shi ne ya tsare kwamishina da tambaya a zaman kwamiti har aka mayar da kuɗin maganin asibitocin karkara da aka zaftare, shi ne kuma ya bi sawu sai da aka saki kuɗin.

Wanne ne nagari a cikinsu? Na san amsar da akwatin zaɓe yake bayarwa. Na farko zai koma, na biyu za a ce marowaci ne, a yi waje da shi. Ni kuwa a wurina na biyun ne ya sauke abin da aka ɗora masa, kuma zan yi ƙoƙarin bayyana dalili ba tare da na raina alherin na farko ba.

Mu fara da tambayar da ba mu cika yi ba: me aka ɗauki wannan mutum ya yi? Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 bai bar mu cikin duhu ba. Sashe na 120 ya hana a taɓa kuɗin asusun jiha sai da dokar da majalisa ta amince da ita. Sashe na 121 ya wajabta wa gwamna ya kawo wa majalisa ƙiyasin kuɗin shiga da na kashewa kowace shekara. Sashe na 125 ya sa Babban Mai Binciken Kuɗi na jiha ya miƙa rahotonsa ga majalisa, kwamitinta na kula da asusun gwamnati ya duba. Sashe na 128 da na 129 sun ba ta ikon bincike da ikon kiran jami'i ya zo ya yi bayani. Ka ga kenan makullin baitulmalin jiha a hannun waɗannan mutane yake, su ne masu gadin ƙofa. A kan wannan aikin ɗan majalisa ya yi rantsuwa, Musulmin cikinsu da Alƙur'ani a hannu. Babu inda ya rantse zai raba shinkafa.

To a fiƙihu, wanda aka ɗauka aiki da lada ana tambayarsa ne a kan aikin da aka ɗauke shi dominsa. Idan ka ɗauki mai gadi ya tsare maka shago, sai ya zama kullum yana raba wa yaran unguwa alewa, amma da daddare ya yi barci ɓarayi su kwashe kaya, ba za ka ce alewar ta biya ba. Kyautar nafila ce, tsaron shagon shi ne farilla. Kuma duk ɗalibin da ya zauna gaban malami ya san nafila ba ta tsayawa a madadin farillar da aka bari da gangan.

Akwai kuma maganar lissafi. Sashe na 91 ya ƙayyade cewa majalisar jiha ba za ta gaza mutum 24 ba, ba za ta wuce 40 ba. Kano tana da 40. Ko da ƙidayar 2006 aka yi amfani, wadda ta ba jihar mutum fiye da miliyan 9, kowane ɗan majalisa yana ɗauke da sama da mutum dubu 200. Yau kuwa adadin ya fi haka nesa. A misali, a ce ya biya wa mutum 500 kuɗin magani a shekara, kuma wannan ba ƙaramin ƙoƙari ba ne, ina sauran? Su ba su san hanyar gidansa ba, ko ba su da wanda zai shigar da su, ko kunya ta hana su. Amma layi ɗaya a cikin kasafi, wanda zai sa a samu ungozoma da magani a asibitin mazaɓa, yana kaiwa ga matar da ba ta taɓa jin sunan Honarabul ba, yana kaiwa ga wanda ya zaɓi jam'iyyar adawa, yana kaiwa ga baƙon da naƙuda ta kama matarsa a hanya.

Nan ne bambancin kyauta da haƙƙi yake fitowa. Kyauta tana da fuska. Wanda ya karɓa ya san mai bayarwa, zai durƙusa ya yi godiya, kuma ranar zaɓe zai ji nauyi. Haƙƙi ba ya buƙatar durƙuso. Mutum ya shiga asibitin gwamnati an duba shi, ya fito da mutuncinsa, ba wanda yake binsa bashin godiya sai Allah. Abin da yake ba ni tsoro a siyasar rabo shi ne tana mayar da haƙƙi ya koma alfarma. Dukiyar jama'a ce ta fita ta wata ƙofa, ta dawo ta wata ƙofar an ƙanƙance ta, an manna mata hoton mutum, sai mu bi layi muna sa albarka. Al'ummar da ta saba da haka, a hankali za ta manta cewa tana bin kowa wani abu.

Ban ce duk abin da ɗan majalisa ya raba na sata ba ne, Allah Ya tsare ni da yi wa bayinSa mummunan zato a dunƙule. Akwai masu kasuwancinsu tun kafin siyasa, akwai masu bayarwa daga halaliyarsu. Amma tambayar inda abu ya fito tambaya ce da shari'a ta koyar da mu. A cikin Bukhari da Muslim akwai labarin Ibnul Lutbiyya, wanda Manzon Allah (SAW) ya tura karɓar zakka, ya dawo ya ware wani abu a matsayin kyautar da aka yi masa shi kansa. Annabi (SAW) bai bar maganar a ɓoye ba, ya hau mimbari ya nuna cewa kujerar ce ta jawo kyautar, da yana zaune a gida da ba wanda zai kawo masa. Darasin shi ne duk abin da ya zo wa mai muƙami ta dalilin muƙaminsa yana buƙatar bincike. Idan rabon da mutum yake yi ya ninka albashinsa da alawus ɗinsa sau da yawa, kuma ba a san shi da wata sana'a ba, mai hankali zai tambaya. Sau da yawa farashin wannan rabon shi ne shirun da aka yi a zauren majalisa. Hausawa sun gama magana: kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Yanzu bari mu yi wa ɗan majalisa adalci, don aikin kasafi a wannan zamani ba wasa ba ne. Mafi yawan jihohinmu na Arewa sun dogara ne da kason da ake rabawa duk wata daga asusun tarayya, harajin cikin gida bai taka kara ya karya ba. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, aka kuma saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, lambobin da suke shigowa jihohi sun ƙaru sosai. Sai dai dalar da gwamnati take sayarwa ƙasa da naira 500 ta haura 1,500 a 2024, hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin ɗari a shekarar. Siminti, rodi, dizal, magani, duk sun tashi. Ajin da aka yi wa ƙiyasi a watan Disamba, kafin Yuni kuɗin ba zai kai shi linta ba. Ga mafi ƙarancin albashi da ya koma naira 70,000 a watan Yulin 2024, ga 'yan fansho da suke jiran giratuti shekara da shekaru, ga bashin da ake cirewa tun kafin kason jiha ya iso, ga matsalar tsaro da take cin kuɗi ba ƙaƙƙautawa. Duk wanda ya ce maka za a iya yin komai lokaci ɗaya, yaudararka yake yi.

To amma wannan ƙuncin shi ne ya sa aikin ya zama ibada mai nauyi. Da kuɗi sun ishi komai, da ba a buƙatar wakili. Kasafi takarda ce ta fifita wani abu a kan wani, duk naira ɗaya da aka ba wani aiki an hana wani ne. Malaman usulu, irin su Imam Gazali da Imam Shaɗibi mai littafin Muwafaƙat, sun kasa maslahar mutane gida uku: larura wadda idan babu ita rai ko addini ko hankali ko zuriya ko dukiya za su salwanta, sai buƙata wadda rashinta yake jawo ƙunci, sai ƙawa wadda take ƙara kyau kawai. Ƙa'idar ita ce ba a gabatar da ƙawa a kan buƙata, ba a gabatar da buƙata a kan larura. Da ɗan majalisa zai ɗauki wannan ma'aunin kaɗai ya bi kasafin jiharsa layi-layi, da ya ga abin mamaki. Jinin da za a ƙara wa mai haihuwa larura ne. Ruwan sha mai tsafta a garin da kwalara take ziyarta duk damina larura ne. Malami a aji buƙata ce da ta kusa zama larura. Sababbin motocin manya, sabunta gidan saukar baƙin gwamnati, ƙofar gari mai fitilu, waɗannan ƙawa ne. Ba haramun ba ne a kan kansu, amma idan aka yi su alhali larura tana kwance, an yi zalunci ko da ba a saci ko kwabo ba.

Akwai wani nau'in cin amana a kasafi wanda ba a cika lura da shi ba, shi ne kumbura ƙiyasin kuɗin shiga. Sai a rubuta cewa jiha za ta samu abin da kowa a ɗakin ya san ba za ta samu ba, don kowane ɗan majalisa ya ga an saka masa hanya da makaranta, ya je gida ya ce na kawo muku aiki. Idan shekara ta yi nisa kuɗi ba su zo ba, wa zai zaɓi aikin da za a saki kuɗinsa da wanda za a bari a takarda? Ɓangaren zartarwa ne, a ofis, ba tare da muhawara ba. Ka ga majalisa ta mayar da makullin da aka ba ta da hannunta, talaka kuma an yi masa alkawarin da tun ranar rubuta shi an san ba za a cika ba. Ƙaramin kasafi na gaskiya ya fi babba na ƙarya. Annabi Yusuf (AS) da aka ɗora shi a kan taskokin Masar, ya gina tsarinsa ne a kan faɗa wa mutane gaskiyar shekarun fari bakwai da suke tafe, ya sa aka tsuke baki tun ana cikin yalwa.

Ga kuma wani misali da yake nuna yadda sakacin cikin zaure yake fin ƙarfin alherin ƙofar gida. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na asusun gwamnatin tarayya don ilimin matakin farko, ta hannun hukumar UBEC. Sharaɗin shi ne jiha ta kawo nata kason daidai da wanda za a ba ta. Shekara da shekaru biliyoyin naira suna kwance a hukumar, saboda jihohi da dama ba su kawo nasu ba, alhali yara suna zaune a ƙasa. Ɗan majalisar da ya tsaya kai da fata sai an saka wannan kason a kasafi, sai kuma an sake shi, ya ninka wa yaran jiharsa kuɗin gina aji. Wanda ya bar wannan ya je ya raba littattafan rubutu masu hotonsa a bango, wallahi ya yi asarar ciniki, ko da an yi masa tafi.

Na san abin da wani zai ce: Malam, kana magana kamar ba a ƙasar nan kake ba. Majalisun jihohi ai a aljihun gwamnoni suke, wanda ya ɗaga kai za a hana shi tikiti, ko a dakatar da shi. Akwai gaskiya a wannan. An yi gyaran tsarin mulki a 2018 don ba majalisun jihohi 'yancin cin gashin kansu ta fuskar kuɗi, aka sake ƙarfafa shi a 2023, amma kowa yana ganin yadda wasu majalisun suke amincewa da kasafin ɗaruruwan biliyoyi cikin 'yan kwanaki. Mutum ɗaya ba zai juya wannan shi kaɗai ba, tsinke ɗaya ba ya shara. Sai dai Allah ba Ya tambayar bawa sakamakon da ba ya hannunsa, Yana tambayarsa abin da yake iyawa. Karanta takardar yana hannunka. Yin tambaya a kwamiti yana hannunka. Zuwa ka ga aikin da ido, ka rubuta abin da ka gani, yana hannunka. Komawa mazaɓa ka tara mutane ka faɗa musu abin da aka saka da abin da aka saki yana hannunka. Idan kuwa ka tabbata ko ɗaya ba za ka iya ba, to me ya kai ka neman kujerar? Sayyadina Abu Zarri, duk da tsoron Allahnsa, da ya nemi muƙami Annabi (SAW) ya hana shi saboda ya ga ba zai iya ɗaukar nauyin ba. Kirki kaɗai bai isa sharaɗin riƙon amanar jama'a ba.

Wani kuma zai ce: to mara lafiyar da yake ƙofar gida a daren nan fa? A ce masa ya jira kasafin baɗi? A'a, ko kusa. Wanda Allah Ya hore wa, ya ga rai yana neman salwanta a gabansa, taimako ya zama wajibi a kansa a matsayinsa na Musulmi, ko ɗan majalisa ne ko ɗan kasuwa. Ban zo in rufe ƙofar alheri ba. Abin da nake so shi ne a haɗa biyun, a kuma san wanne ne gaba. Dubi Sayyadina Umar a shekarar yunwa da ake kira Ramada, wajen shekara ta 18 bayan hijira. Ya hana kansa nama da man shanu, ya ɗauki abinci ya kai wa mabuƙata da kansa. Amma bai tsaya nan ba. Ya rubuta wa gwamnoninsa su aiko da abinci, ya naɗa mutanen da za su kula da waɗanda suka kwararo Madina, aka riƙa ƙidayar masu ci, ya jinkirta karɓar zakka a shekarar. Tausayinsa ya sa ya ɗauki buhu, amanarsa ta sa ya kafa tsari. Kuma duk mara lafiyar da ya zo ƙofar ɗan majalisa, shaida ce da ta tako da ƙafarta cewa wani layi a kasafi bai yi aiki ba. Ka biya masa kuɗin maganin yau, gobe ka tafi majalisa da tambayar me ya sa babu magani a asibitin garinsu.

Saura mu. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ne muka mayar da wakili ya koma baitulmali mai tafiya da ƙafa. Suna, biki, ginin masallaci, kuɗin haya, duk a kansa. Mu malamai ma muna da kaso a nan, don idan mimbari ya zama ba ya yabon kowa sai wanda ya kawo buhunan siminti, to mun koya wa 'yan siyasa abin da ake saye da shi. Mutumin da ka ɗora wa buƙatun da suka fi ƙarfin halaliyarsa, ka tura shi ne ya nemo ta wata hanya, kuma kana da rabo a zunubin hanyar. Na sha jin mutanen kirki masu ilimi suna cewa ba za su tsaya takara ba don ba su da abin rabawa. Wannan asara ce da muka jawo wa kanmu.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfinmu ba. Jihohi da yawa yanzu suna wallafa kasafinsu da rahoton aiwatar da shi na kowane wata uku a intanet. A kowace unguwa akwai matashin da ya karanta lissafi ko tattalin arziki yana zaune. A nemo shi, a zauna bayan la'asar, ya fitar da abin da aka rubuta wa ƙaramar hukumarku. Idan Honarabul ya zo gaisuwar sallah, a karɓe shi da mutunci, sannan dattijo ɗaya ya ce: ranka ya daɗe, mun ga an ware kaza don gyaran asibitinmu, nawa aka saki? Wa aka ba kwangilar? Yaushe kwamitinku ya je ya duba? Ba zagi, ba tozarci, don mutuncin Musulmi haramun ne ko yana kan kujera. Ranar da ɗan siyasa ya gane cewa waɗannan tambayoyin ne suke jiran sa a gida, zai fara karanta takardar.

Ga wanda yake kan kujerar kuma, nasihata gare ka ta ɗan uwa ce. Wa'adinka shekara huɗu ne, kasafi huɗu za su bi ta hannunka. Waɗanda suka ci shinkafarka za su yi maka addu'a, Allah Ya karɓa. Amma akwai waɗanda ba ka taɓa gani ba, mace da ta rasu a kan hanyar asibiti, yaro da ya girma bai iya karanta sunansa ba, tsohon malami da ya mutu yana jiran haƙƙinsa. Su ma suna cikin waɗanda ka rantse a kansu, kuma za ku haɗu a ranar da babu kakakin majalisa da zai buga guduma ya rufe zama.

Allah Ya ba mu shugabanni masu tsoronSa, Ya ba mu ikon tambayarsu da ladabi da gaskiya, Ya shiryi mai riƙo da wanda ake riƙe wa. Allah Ya sa mu dace.